Kwikwiyon da ke birkicewa bayan ya ci abinci

Akwai abin da ya daɗe yana damuna game da masu kiwon karnuka. Za ka ga kwikwiyo ya fi 'yan'uwansa ƙanƙanta, yana ci amma ba ya girma, sai a ce tsutsar ciki ce, a yi ta ɗura masa magani. In ya ci ya ƙoshi kuma sai ya birkice, ya kama zagaye wuri ɗaya, ya danna kansa jikin bango, miyau na dalala, wani lokaci har ya faɗi yana shure-shure. Nan take a yanke masa hukuncin hauka.

To, a cikin irin waɗannan akwai waɗanda da ciwon hanta aka haife su. Jinin da ke tasowa daga hanji, hanta ya kamata ya fara bi ta tace shi. Su kuwa akwai wata jijiya da ke kewaye hantar, ta zuba jinin cikin jiki ba tare da tacewa ba. Sai dafi irin su amoniya ya hau ƙwaƙwalwa, shi ya sa abin ya fi tsananta bayan cin nama. Hantar kanta ta tsumbure saboda jini bai isarta, har tsakuwa kan taru a mafitsara. A manyan karnuka irin Labrador jijiyar takan kasance cikin hantar, a ƙanana irin Maltese da Yorkshire terrier kuwa a waje take.

Abin takaicin, ana iya gano shi. Likitan dabbobi zai ɗebi jini kafin cin abinci, ya sake ɗiba bayan awa 2, sannan a yi hoton ciki. Akan fara da maganin laktulos da daidaita abinci, sai tiyata: a sa wa jijiyar wani zobe da zai riƙa matse ta a hankali cikin makonni, don in aka ɗaure ta lokaci guda jini zai taru ya yi ɓarna. Da yawa suna warkewa sarai.

Laifin da na fi gani na masu sayarwa ne. A wasu jinsunan ciwon nan gado ne, amma mutum ya ga karyarsa ta haifi mai shi, ya sake haɗa ta da namijin nan dai, ya sayar da 'ya'yan bai ce uffan ba. Wanda ya saya ne zai kwana zaune yana kallon ɗan tahalikin yana farfaɗiya, bai san dalili ba.