Raguwar Ruwan Lagireto Ba Ita Ce Shaidar Ƙonewar Gasket Ba

Masu tsofaffin motoci da yawa, da zarar ruwan lagireto ya fara raguwa ba tare da sun ga yoyo a ƙasa ba, sai su ɗauka gasket ɗin kan inji, wato faifan da ke toshe tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone. Sau tari matsalar ba ta kai nan ba. Murfin lagireto yana riƙe matsi na kusan "bar" 1 (ma'aunin matsi), wanda ke hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Idan robar murfin ta mutu, ruwan yakan fice a matsayin tururi, kuma ɗigon tsagaggen tiyo ko famfon ruwa yakan bushe a jikin inji mai zafi, ya bar farin tabo kawai.

Gasket da ya ƙone yana da alamominsa: farin hayaƙi mai kauri daga salansa bayan inji ya yi zafi, ba tururin safiyar hunturu ba, baƙin mai ya koma launin shayi da madara, kumfa na tasowa a bakin lagireto ba tsayawa. Kafin bakanike ya kwance kan inji, a nemi ya yi gwajin matsi a lagireto bayan injin ya huce.