Tulun Sallah da Naira Ashirin

Shawarar uwargida ce, kuma ina so a san haka tun daga farko, domin labarin da ke yawo a dangi, cewa na gaida surukata da naira ashirin a Sallah, ya cire sunanta gaba ɗaya. Tun tsakiyar azumi ta fara turo mini hotuna daga Instagram, tana cewa bana bai kamata mu sake kai wa Hajiya, mahaifiyarta, atamfa da buhun shinkafa kamar kowace shekara ba, tunda an yi wa falonta sabon fenti, kuma abin da ya dace shi ne tsarabar Sallah ta zama kayan adon gida daga kamfanonin da mata suka kafa da kansu. Ta fara da na ƙasashen waje. Ta nuna mini labulen Marimekko, kamfanin da Armi Ratia ta kafa a Finland a 1951, ta ba ni tarihin Laura Ashley wadda ta fara buga zane a jikin yadi a kan teburin kicin ɗinta a Landan a 1953, sannan ta gangaro Dakar wajen Aïssa Dione mai saƙar yadin kujeru da labule. Da muka lissafa kuɗin kawo kayan da farashin dala, sai kishin ƙasa ya sauko mana lokaci guda, muka yarda cewa matan Najeriya ma ba kanwar lasa ba ne.

Mun sayi fayafayai masu launi na ratayewa a bango, da rigunan matashi guda biyu masu aikin hannun matan birnin Zariya, irin askar da ake yi wa babbar riga. Uban tafiyar kuwa shi ne wani tulu mai sheƙi da muka samo a wajen wata budurwa da ta buɗe maginarta a bayan garin Abuja, wadda ta shaida mana cewa salon Ladi Kwali take bi, kuma ta yi mana bayani mai daɗi har na ji cewa duk wanda bai sayi tulun nan ba bai san darajar ƙasarsa ba. Kuɗinsa dangi sun riga sun ji, ba zan maimaita ba. Uwargida ta rungume shi a cinyarta daga Abuja har Kano, ni kuma ina tuƙi ina bitar jawabin da zan gabatar, domin na ƙudurta cewa kyauta irin wannan ba a ajiye ta a fita shiru. Har naira ashirin na nemo saboda hoton Ladi Kwali da ke bayanta, kuma duk wanda ya nemi naira ashirin a kwanakin nan ya san ba ƙaramin aiki ba ne, sai a wajen wani mai shayi na samu, shi ma da ƙyar ya tono ta daga ƙasan gwangwani.

Washegarin Sallah muka je gaisuwa. Na cire takalmi, na durƙusa daga bakin ƙofa kamar yadda aka saba, na tarar falon a cike: Hajiya tana kan darduma, ƙannen uwargida sun jeru a kujera, matan maƙwabta sun shigo da yaransu, ga kuma Gwaggo a kusurwar da take zama, wadda aka tabbatar mini cewa ta tafi ƙauye yin Sallah. A ƙa'ida, suruki yana gaisawa ne kansa a ƙasa, ya tura ambulan ƙarƙashin gefen darduma, ya yi sallama ya koma zaure. Da na bi wannan ƙa'idar da yau ba ni da labari.

Uwargida ba ta gama kwance kwalin ba Gwaggo ta matso. Ta ɗauki rigar matashi ta juya ta gaba da baya, ta tambayi wane bawan Allah ne aka yanka wa babbar rigarsa. Ta duba fayafayan ta ce saƙar ba laifi, amma ba ta ga kwanukan da za a rufe da su ba. Da aka fito da tulun sai ta gyara zama, ta ƙwanƙwasa shi da zobenta, ta kara kunne, ta yunƙura za ta ɗaga shi ya gagare ta, sannan ta shafa cikinsa da tafin hannu ta ce, "Wannan ai ba zai sanyaya ruwa ba. Randar da ba ta gumi ba randa ba ce." Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaskiya ta faɗa. Tulun gargajiya yana sanyaya ruwa ne saboda ruwan yana tsattsafowa ta jikin yumɓun, iska ta busar da shi ta tafi da zafin, shi kuwa wannan an shafe shi da ruwan gilashi an gasa shi a wutar da ta haura digiri 1200, babu ta inda ɗigo zai fita. Budurwar ta gaya mana haka a matsayin abin alfahari, Gwaggo kuma ta gano shi da zobe ɗaya a matsayin aibi. Daga nan idonta ya sauka a kan zanen da ke jikinsa, ta kira Hajiya ta ce, "Yaya, zo ki ga abin da aka kawo miki. Ga ƙadangare, ga kunama, ga kuma wani abu da ban gane ba, ina jin hawainiya ce."

A nan na ga cewa idan ban yi magana ba an gama da ni. Na gyara murya, kaina a sunkuye, na fara. Na ce wannan salo ne na Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gbagyi daga garin Kwali, wadda ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya a hannun 'yar'uwar iyayenta, kuma Sarkin Abuja Sulaimanu Barau da kansa yana tara tukwanenta a gidansa. Na ce a 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, ita ce mace ta farko da ta shiga, kuma a can ne aka fara shafa wa tulunanta irin wannan sheƙin. Na ce an baje kolin kayanta a Landan, ta je har Amurka tana nuna yadda take gini da hannu, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984. Falon ya yi tsit, har na fara jin cewa ina samun nasara. Domin in rufe da hujjar da ba a ja da ita, sai na sa hannu a aljihu na zaro naira ashirin ɗin nan.

Ina roƙon mai karatu ya tsaya a nan ya dubi yanayin da kyau. Ina durƙushe. Ba a miƙa wa babba abu da hannu ɗaya, saboda haka na tallabe ta da hannu biyu. Ba a kallon suruka a ido, saboda haka kaina yana ƙasa, ban ga cewa fuskar Janar Murtala ce a sama ba, Ladi Kwali tana ƙasa tana kallon tafin hannuna. Hajiya kuma ba ta sa tabarau ba, kuma na tabbata tun wajen Michael Cardew ta daina bin zancen. Abin da kowa ya gani a falon nan shi ne suruki ya taso tun daga Abuja, ya yi dogon jawabi, ya durƙusa ya miƙa wa uwar matarsa naira ashirin goron Sallah a gaban maƙwabta.

Hajiya mace ce mai kawaici. Ta karɓa da hannu biyu, ta ninke ta, ta tura ƙarƙashin filo, ta ɗaga hannu ta fara addu'a: "Allah ya yi muku albarka, Allah ya ƙara buɗi, Allah ya sa 'ya'yanku su yi muku fiye da haka." Falo gaba ɗaya ya amsa da amin, kuma ina jin muryar Gwaggo a sama da ta kowa tana cewa, "Fiye da haka kam, in Allah ya yarda." Ɗaya daga cikin ƙannen uwargida ta toshe baki da mayafi ta fita a guje, ina jin dariyarta tun daga tsakar gida. Na ce a hankali, "Hajiya, da dai an juya bayanta an duba." Gwaggo ta ce, "Mutumin Abuja, ko an juya ta ashirin ce." Na waiwaya wajen uwargida ko za ta cece ni, na tarar ta duƙufa tana ninke kwalin da babu wanda ya ce ta ninke. Ambulan ɗin gaskiya yana ɗaya aljihun, na zaro shi da sauri na tura, wanda hakan ya ƙara lalata al'amarin, domin Gwaggo ta dubi matan maƙwabta ta ce, "Kun ga amfanin magana."

Dole in faɗi wani abu a kan Gwaggo, tunda kowa yana cewa wasa take yi. Ba wasa take yi ba. Matar nan dillaliya ce tun kafin a haifi uwargida, babu gidan da ba ta shiga da ƙullin kwanuka da zannuwan gado, kuma ta san farashin kowane abu a Kasuwar Kurmi da Kantin Kwari fiye da masu shagunan. Ita ce ranar kai lefe ta zaro leshi ɗaya daga akwati ta ɗaga shi a rana ta mayar ba ta ce komai ba, shirun da har yau ake ba da labarinsa. Ita ce ranar jere ta auna ɗakin da taku ta ce ko gadon ne ya yi girma ko angon ne bai shirya ba. Asalin ƙullin kuwa na san shi, kuma ita ma ta san na sani: kayan ɗakin ba a wajenta aka saya ba. Don haka da uwargida ta samu bakin magana a ƙarshe, ta fara bayanin cewa manufarmu ita ce tallafa wa sana'o'in da mata suka kafa, sai Gwaggo ta ajiye rigar matashin ta ce, "To ni namiji ce? Wa ya kafa ni? Da kuɗin adashe na fara, babu Baturen da ya buɗe mini makaranta. Ga ni a cikin gida, kun tsallake ni kun kai wa bare." Na yi ta juya wannan magana a hanya ina neman amsarta, kuma har yanzu ina ganin akwai bambanci tsakanin mai ƙirƙira da mai dillanci, sai dai ba ni ne zan je in yi mata wannan bayanin ba.

Ana cikin haka wani yaro daga cikin 'ya'yan maƙwabta, wanda ba a san lokacin da ya rarrafa bayan tulun ba, ya hango 'yar takardar farashi manne a gindinsa, ya karanta da ƙarfi, lamba bayan lamba, don a san yana zuwa makaranta. Aka ɗauki salati. Wata dattijuwa ta ce a maimaita, yaron ya maimaita. Gwaggo ta lissafa a take yawan randunan da kuɗin zai saya, da buhun shinkafa, da canjin da zai rage. Daga nan ne labarin ya samu siffar da yake yawo da ita a dangi, wato na ƙarar da kuɗina a kan tulun ƙadangare har abin da ya rage mini na gaida suruka naira ashirin ne. Kafin la'asar an kira ni daga Kaduna ana tambaya ko lafiya a wajen aiki.

Kayan dai suna nan. Fayafayan ba su taɓa ganin bango ba, suna rufe kwanon tuwo, kuma Hajiya ta aiko a gaya mini cewa suna da ƙwari. Rigunan matashin an adana su a akwati saboda sun fi ƙarfin a zauna a kansu. Tulun yana bayan ƙofa, an juya ƙadangaren yana fuskantar bango, ana zuba lema da sandar Alhaji a ciki, kuma an ce yana da amfani wajen tokare ƙofa idan iska ta taso. A makon jiya Gwaggo ta sa jikarta ta turo mini saƙon murya har kashi uku, tana tambaya nawa takamaimai muka sayi kowane faifai, kuma mutanen Abuja guda nawa suke ratayawa a bango ɗaya, domin tana da mata a ƙauye masu saƙa su, jikar kuma ta iya ɗora hoto a WhatsApp. Tana kuma son lambar budurwar mai tulu. Uwargida ta ce in tura mata. Na ce zan duba.