“Mai haƙuri ce” kawai za mu ce?

Jiya Inna ta cika kwana arba'in da rasuwa. Allah Ya jiƙanta, Ya sa can ta fi mata nan, Ya kyauta namu zuwan. Waɗanda suka tako har gida da waɗanda suka bugo waya, Allah Ya ba da lada. Amma akwai maganar da take cina tun ranar sadakar uku, yau dai zan fitar da ita.

A zaman makoki ina kusa da Baba, muna amsa gaisuwa. Duk wanda ya durƙusa, bakinsu ɗaya: “Baiwar Allah mai haƙuri, ba ta da abokin faɗa.” Sanarwar da aka karanta a rediyo ma ni na rubuta ta da hannuna, kuma da na ji ta a bakin mai karantawa sai kunya ta rufe ni. An faɗi shekarunta, an ce ta bar miji da 'ya'ya bakwai da jikoki, daga nan aka shiga jero mu maza, kowa da wurin aikinsa. Wadda ta rasu ba ta sami layi biyu ba. Da Baba ne, da an faɗi masaƙar da ya yi wa aiki a Kakuri ta Kaduna da masallacin da yake ladanci.

Ban raina haƙuri ba, wa ya isa? Amma ku duba da kyau, kowace tsohuwa ta rasu a ƙasar nan yabonta ke nan, kamar zane ɗaya muke yafa musu duka. Kuma Inna, Allah Ya gafarta mata, tana da abokan faɗa. Mai injin niƙa na bakin layinmu shaida ne, duk ranar da ya rage mata tunkuza sai unguwa ta sani.

Man gyaɗa take yi da ƙuli-ƙuli. Kafin kiran assalatu ta hura wuta, ta soya gyaɗa, a murje, a sheƙe, a kai inji, a dawo ta zauna kan turmi tana juyawa tana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso. Ta fara tun ana lissafi da fam da sule, kafin Naira ta shigo a 1973. Ta kan ba mu labarin shekarar 1975, da cuta ta cinye gyaɗar Arewa, ta ce wata uku tana yin ƙosai don kada murhunta ya huce masu ciniki su manta ƙofar gidan. Da aka buɗe makarantun firamare na shirin UPE, ilimi ga kowa, a 1976 aka ce karatu kyauta ne, amma yadin makaranta da takalmi da kuɗin tara ba gwamnati ke bayarwa ba. Daga kwalaben mai suka fito.

Ranar da gidanmu ya san ko wace ce Inna ita ce lokacin canjin kuɗi na 1984, zamanin Buhari na soja, da aka sauya launin Naira aka ba mutane kwanakin da ba su cika mako biyu ba su kai tsoffin takardunsu banki. Ina ɗan shekara sha huɗu. Bayan sallar isha'i ta aika ni in kira Baba, ta jawo kwalla daga ƙarƙashin gado ta buɗe. Ƙulle-ƙulle ne cike, kowanne da tsummansa daban. Ashe ita ce uwar adashin matan layi uku, ga kuma ajiyar zawarawa da tsofaffin da ba su yarda da 'ya'yansu ba. Baba ya yi shiru, can ya ce, “Duk wannan a ɗakin nan yake kwana?” Ta ce, “To da a ina zai kwana, Malam?” Kwana biyu muka yi a layin banki. Da muka dawo ta zauna ta raba wa kowa nata, ba takarda ba alƙalami, kuma ko kwabo ba a yi gardama a kansa ba.

Daga baya masaƙun Kaduna suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, aka sallami su Baba. Shekaru aka yi tukunyar gidanmu tana kan wuyan Inna, amma ba wanda ya sani a waje, domin da safe sai ta ba ƙanena kuɗin cefane ya kai wa Baba a zaure, shi kuma ya aiko da shi cikin gida kamar daga aljihunsa ya fito. Baba da bakinsa ya faɗa mini wannan, ran sadakar bakwai, yana share ido da hannun riga. Wannan rufin asiri dabara ce da sanin darajar miji, kuma in aka ce haƙuri kawai an rage mata mudu.

Akwai wadda ba ta da daɗin faɗa, amma in na ɓoye ta na yi abin da nake zargin wasu da shi. Ƙulin nan ba da ƙafarsa yake zuwa tasha ba. Ƙanwata mai bi mini ita ke ɗaukar faranti, kuma karatunta a aji shida ya tsaya, ni na wuce har jami'a. Inna ta san da haka. Shi ya sa da jikoki mata suka taso ta kafa doka, duk wanda ya ɗora wa 'yarsa talla kada ya sake taka mata ɗaki. A sanarwar rediyo ban sa sunan ƙanwar tawa ba, don ba ta da ofis. Na je na ba ta haƙuri, ta yi dariya ta ce, “Yaya, ai ka saba.”

Wani zai ce al'ada ce, mace 'yar rufi ce, ba a baza labarinta a titi. Na san alkunya, ni ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Allah, “wannan yaron” nake ko da furfura ta cika mini gemu. Amma Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta fi mu sanin addini da kunya, kuma ta yi wa mata marsiyya, har da aminiyarta A'isha matar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ta faɗi halayensu da ayyukansu. Tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau kuwa, Baba ta Karo, sai da wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna a gabanta a 1949 da 1950 tana rubutawa, littafin ya fito a 1954, shi ya sa har yau ake sanin yadda matan zamaninta suka yi aure da sana'a da ƙawance. Mu kowa da waya a aljihu mai ɗaukar murya, ga tsofaffi a ɗaka, amma sai hoton gaisuwar sallah muke ɗauka. Ni ma haka na yi. Muryar Inna da nake da ita ba ta wuce ta minti ɗaya ba, tana tsokanar ɗana, tana ce masa angonta marowaci da bai taɓa kawo kuɗin cefane ba.

Yanzu kullum bayan la'asar ina zama da Baba da ƙanwata, in kunna waya su yi ta ba da labarinta, wani lokaci su yi musu kan shekara. Ran nan muna cikin haka wasu mata uku suka yi sallama, suna ta kame-kame, kunya ta hana su faɗin abin da ya kawo su. Ƙanwata ta gane, ta shiga ɗakin Inna ta jawo kwallar nan. Ƙulli huɗu ne a ciki. Kowace ta duba tsumma ta ɗauki nata. Na huɗun, wani ɗan yanki na atamfa shuɗiya, yana nan har yanzu, muna jiran mai shi.