Ranar da Na Yi wa Dogo Ta'aziyyar Kansa

Tun farko dai laifin Monita ne, kuma zan dawo kansa. Kun san zauren WhatsApp ɗin da ya buɗe mana a 2020, lokacin kullen korona, na 'yan ajinmu na kwaleji da muka gama a 1979. Watan farko an sha dariya. An tono tsoffin hotuna, kowa yana neman kansa a layin baya da sumar da yanzu sai labari. Daga nan hira ta tsaya a kan abu uku: fansho ya shigo ko bai shigo ba, wane magani ke sauƙaƙa ciwon gwiwa, sai sanarwar rasuwa. Ta ukun nan ta yi yawa har ya zama in ka ga hoton mutum shi kaɗai a zaure, kafin ka karanta abin da ke ƙasa gabanka ya riga ya faɗi.

To ranar Talata da safe na tashi na rasa tabarau. Duk wanda ya haura 40 ya san yadda rubutun kusa ke guje wa ido, balle mu. Na ɗauki waya na miƙa hannu iya tsawonsa, na ƙanƙance ido. Sai ga hoton Dogo, tsohon nan baƙi da fari na katin makaranta. A ƙasa addu'o'i sun yi jerin gwano. Na tsinci "Allah", na tsinci "amin", na ga sitikar hannuwa a ɗage, na ga lamba 70. Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Dogo ya tafi yana da 70.

Ban kira kowa ba. Ban koma sama na ga wanda ya fara maganar ba. Tunda rubutu ba zai yiwu ba, na dafe alamar makirufo.

Minti shida da daƙiƙa goma sha biyu. Na san tsawonsa sarai, don tun daga ranar ake tuna min.

Minti na farko lafiya lau, addu'a ce zalla. Da na tsaya nan da an ce tsufa ne, a yi dariya a wuce. A na biyu na shiga yabo, kuma kun san yabon mamaci, mutum yana sakin baki tunda ba mai musa masa. Na ce, "Jama'a, Dogo mutum ne mai haƙuri. Gaskiya a aji kan bai cika ja ba, duk mun sani, lissafi ya ba shi wuya, sau biyu ina karkatar da takardata don ya leƙa. Amma Allah ya yi shi da kyakkyawar zuciya." A na uku murya ta fara rawa. Na ce shekara uku munsharinsa ya hana ni barci a ɗakin kwana, amma yau da zan ƙara jin sa ko sau ɗaya da na gode Allah. Wallahi har zuciyata nake faɗa. Hawaye na gaske nake yi.

A na huɗu ne shaiɗan ya kawo rediyo.

Na ce, "Ku zama shaida. Rediyon nan nasa mai jakar fata da ya ɓata a 1978, wanda aka zazzage akwatunan mutane a kansa, har aka tsare Gajere da tambaya, ba sace shi aka yi ba. Ni na ɗauka." Na ba da labarin tiryan-tiryan: daren wasan ƙarshe na kofin duniya ne, Ajantina da Holan, na lallaɓa na ɗauko shi daga ƙarƙashin matashinsa, na ɗora a bakin tagar bene don a nan ya fi kamawa. Da Kempes na Ajantina ya ci musu ta biyu a ƙarin lokaci na yi tsalle, gwiwar hannuna ta ture shi. Ban ma ji ƙwallo ta uku ba, washegari aka gaya min an tashi 3 da 1. Na sauka cikin duhu na tattara tarkacen a hula na kai bola. Da safe kuwa ni na fi kowa zafi wajen cewa a binciki kowa.

Sannan na fyace hanci, bakin makirufo, da ƙarfi.

Ina cikin haka Hajiya ta leƙo. Ta ce, "Malam, wa ya rasu kuma?" Na ce Dogo. Ta ce, "Wanne? Wanda kake cewa ya fiye rowa?" A daidai nan yatsana ya saki, saƙo ya tafi.

Ita ta miƙo min tabarau, a aljihun rigar jiya ta samo shi. Na saka. Layin farko a ƙasan hoton, da manyan baƙaƙe: muna taya ɗan'uwanmu murnar cika shekara 70, Allah ya ƙaro masu albarka.

Ban san tsawon lokacin da na yi a zaune ba. Zauren da ko atishawa ka yi sai mutum goma sun amsa, ya yi tsit. Na duba bayanin saƙon, ina kallon sunaye suna ƙaruwa a jerin waɗanda suka saurara, ɗaya bayan ɗaya. Na huɗu a jerin shi ne marigayin.

Amsarsa gajeriya ce, murya a kwance kamar mai karanta labarai. "Malam, mun ga ta'aziyya, Allah ya ba da lada. Mamacin yana tambaya, rowar me ya yi maka?" Bayan minti ɗaya ya ƙara wata. "Kuma don Allah kada wannan saƙo ya fita daga zaure. Makon jiya na yini a layin tantance 'yan fansho don in tabbatar musu ina raye. In suka ji an yi min ta'aziyya, sai na yi wata shida ina rantsuwa."

Sai zaure ya fashe.

Nan na tuna ana iya gogewa. Tun 2017 WhatsApp ya kawo damar goge saƙo daga wayar kowa. Da farko minti bakwai kawai ake ba mutum, yanzu har kusan kwana biyu da rabi, wato lokaci yana hannuna. Na ƙwala wa jikata kira, amma kafin ta iso hannuna na rawa na danna da kaina. Zaɓi biyu ne ke fitowa, goge wa kowa da goge a wajena. Kun san wanda na danna. Ashe har daƙiƙa biyar suke ba wanda ya yi wannan kuskuren ya janye, ni kuwa na ƙarar da su ina cewa alhamdu lillahi. Jikata ta karɓi wayar ta duba, ta ce, "Kaka, kai kaɗai ka goge wa." A duk zauren yanzu ni ne mutum ɗaya tilo da ba shi da saƙon.

Yanzu ga maganar Monita. Tun 2022 shugaban zaure yana da ikon goge saƙon kowa, kuma ya san haka, don a kaina ya koya. Ranar da na tura hoton jikana yana rarrafe ko minti ɗaya bai yi ba ya share shi, wai ya saɓa wa doka ta huɗu. Mutumin nan dokoki goma sha huɗu ya rubuta wa tsofaffin da mafi ƙanƙantarsu ya ajiye aiki da jikoki. Ba a gaisuwa bayan ƙarfe tara na dare. Ba a tura abu sau biyu. Duk wanda bai amsa sanarwa ba cikin kwana uku a rubuta sunansa. A rubuta a kai wa wa? Shugaban kwalejin da yake kai wa suna ya daɗe a ƙasa. Haka yake tun 1977, lokacin da ya sa sunana cikin waɗanda ba su shiga aji ba alhali ina zaune a bayansa, ina ma ara masa biro. Ya yi shekara 35 yana aiki, ya yi ritaya, amma daga monita bai taɓa yin ritaya ba.

Na kira shi. Na ce, "Alhaji, don girman Allah ka share abin nan." Ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, ai wannan ya zama tarihin aji. Ba ni da hurumin taɓa tarihi." Ina ajiye waya aka gaya min ya maƙala saƙon a saman zaure. Zaɓi uku ake bayarwa, awa 24, kwana 7, ko kwana 30. Ba sai na gaya muku wanda ya ɗauka ba. Wata guda cur duk wanda ya buɗe zaure da fyace hancina zai fara cin karo.

Na yi niyyar fita. Jikata ta ce yanzu ana iya fita shiru ba a sanar da kowa ba, sai shugaban zaure kaɗai. Shugaban zaure kuwa wa? Na fasa. Abin da ya ƙara ba ni haushi, ita ce ke gaya min wai mai kamfanin gaba ɗaya, Mark Zuckerberg, a 1984 aka haife shi, kuma don 'yan makarantarsu na Harvard ya fara buɗe Facebook a 2004, kafin su sayi WhatsApp a 2014. Yaron da muka gama kwaleji da shekara biyar kafin ya zo duniya, a zauren da ya mallaka aka tona min asirin shekara 47.

Farfesa kuma, da ba ya iya tura hoto sai an taya shi, a ranar ya gano ana iya ninka saurin saƙon murya. Ya sanar wa jama'a cewa in an sa kukan a ninki biyu ya fi daɗi. Na sa Hajiya ta karɓo min a wayar matarsa na saurara. Gaskiya ya faɗa, kamar ɗan akuya da aka raba da uwarsa.

Da la'asar wata baƙuwar lamba ta kira ni. Gajere. Mutumin da tun da aka sa shi a zaure bai taɓa cewa uffan ba, har wasu sun ɗauka layin ya mutu. Ashe yana nan yana karanta komai. Ya ce, "Malam, shekara 47." Na ce na sani. Ya ce, "Har ƙasan katifata aka farke." Na ce na sani, ni na riƙe fitila. Ya yi shiru, na ɗauka ya kashe, sai na ji yana dariya har da tari. Muka yi fiye da awa muna hira, ashe shi ma an yi masa aikin ido bara, ba wanda ya sani. Amma ya ce haƙurin a zaure zan ba shi, a rubuce, kuma da tabarau. Na rubuta. Monita ya goge, wai na tura bayan tara.

Dogo dai ya ce ya yafe lissafi, ya yafe munshari, maganar rowa kuma tsakaninsa da Hajiya ce. Rediyo ne bai yafe ba. Na ce zan saya masa sabo na zamani, ya ce shi mai jakar fata yake so, da madaurin rataya, irin nasa. Na sa yara sun duba a intanet, har yanzu shiru.

Shekaranjiya aka sake saka hoton wani shi kaɗai. Na saka tabarau, na karanta sau uku, na ba Hajiya ta karanta, sannan na rubuta "amin" kawai. Ashe tambaya ake ko wani ya gane wane ne wannan. In akwai mai irin rediyon nan a ajiye, ko ba ya aiki, ya yi min magana ta gefe.