Ƙullin Maganin Gwaggo

Shekarata 47 abin ya same ni, a watan Janairu kuma, lokacin da sanyin Kano ke hana mutane wankan safe. Cikin dare sai zafi ya taso min daga ƙirji, ya haye wuya, ya mamaye fuska, zufa ta jiƙa rigar barci sharkaf. Bayan 'yan mintuna ya lafa, ɗari ya karɓe ni. Malam na ƙudundune cikin bargo da hular sanyi, ni ina kunna fanka. Ya kashe, in kunna.

"Wai ke Hajiya, lafiya kuwa? Ko a nemo mai ruƙiyya?"

Al'ada ma ta koma zuwa sanda ta ga dama. Da na yi wa Gwaggo zancen, sai ta rangaɗa guɗa, wai auta zai yi ƙani. Autan nan fa har gemu ya fara. Da ta ga ba ciki ba ne, nan take ta yanke hukunci: sanyi ne ya shige ni, shi ke koro zafin waje. Washegari ta aiko da ƙulli: citta, kanumfari, masoro, kimba, tafarnuwa da hulba mai yawa. A tafasa, a sha da zafinsa safe da dare.

Na dage da sha har ranar kamun 'yar ƙanwata. Na sha leshi mai nauyi, an naɗa min ashoke, an yi min kwalliya ta kuɗi. Ana kiran iyayen amarya su fito liƙi, abin ya taso. Hoda ta dame, kwalli ya gangaro har haɓa. Ashe kuma hulba a zufa take fita! Matar da ke gefena ta shinshina hagu, ta shinshina dama, ta ce, "Wa ya shigo da kayan mai jego nan?" Na taya ta waige-waige.

Na sulale bayan rumfa inda masu abinci suka ajiye kular lemo, na ɗage murfi na tura kaina ciki, ashoke da komai. A haka uwar ango ta same ni.

"Hajiya, me ake nema?"

"Ɗankunne," na ce.

Baiwar Allah ta naɗe hannun riga ta taya ni lalube cikin ƙanƙara, alhali ga 'yankunnena biyu suna reto.

Wata ƙawata nas ce ta warware min, bayan ta gama dariya har da riƙe ciki. Ta ce gab da ɗaukewar al'ada ne, wadda galibi ke zuwa tsakanin shekara 45 da 55. Wani sinadarin jikin mace mai suna istirojin ke raguwa, sai ƙwaƙwalwa ta riƙa ɗauka jiki ya yi zafi. Yaji, kofi da shayi mai turiri kuwa tunzura abin suke yi. Ta ce in koma atamfar auduga, ruwan randa da zoɓo mai sanyi marar citta. Awara tana taimaka wa wasu matan, wasu ko gezau. In ya hana ni barci, in zo asibiti, akwai magani.

Gwaggo ta ce nas ba ta san komai ba, ni ce ban sha da yawa ba. Ta aiko da sabon ƙulli, wannan karon har da barkono. Na tsince hulbar, na daka sauran na zuba a farfesun kan rago ranar da ta kawo ziyara. Ta cinye kwano guda, ta cire mayafi tana fifita da murfin tukunya, ta ce wa ya koya min zuba yaji haka kamar mai gaba da mutane.