Ba Son Nuna Kai Ya Sa Frida Kahlo Ta Riƙa Zana Fuskarta Ba

Mutane da dama idan suka ga zane-zanen Frida Kahlo, 'yar ƙasar Meziko, sai su ce ai son nuna kai ne, kamar masu ɗaukar kansu hoto da waya. Gaskiya ne kusan 55 daga cikin zanenta fuskarta ce. Amma wanda ya ɗauka kwalliya take yi bai duba da kyau ba.

A 1925, tana shekara 18, bas ɗin da take ciki ta yi karo da jirgin ƙasa na cikin gari a birnin Meziko. Kashin bayanta da na ƙugunta suka karye, ƙarfe ya huda ta. Ta yi watanni a kwance, aka kafa mata madubi a saman gado. Wa za ta zana in ba wadda take gani kullum ba?

Dubi wani zanenta na 1944. Ta tsaga jikinta daga wuya har ciki, a gurbin kashin baya ta sa ginshiƙin dutse da ya tsattsage, ƙusoshi sun soke ta ko'ina, hawaye na zuba, fuskar kuwa ko gezau. Mai neman yabo ba ya zana kansa haka. Ko girarta da ta haɗe ba ta ɓoye ba.

Tufafinta ma magana ce. Mahaifinta Bajamushe ne, amma ta zaɓi shigar matan Tehuantepec, wani yanki a kudancin Meziko, don ta nuna inda zuciyarta take, doguwar rigar kuma tana rufe ƙafarta ta dama da shan inna ya nakasa tun tana yarinya.