Iyakwandishan mai taya: a duba bututun kafin a duba lambar da ke jikin kwali

Ka rufe kanka a ɗaki tare da firji, ka bar ƙofarsa a buɗe, ka zauna awa biyu kana jiran sanyi. Gumi za ka ƙara yi. Aikin firji shi ne kwashe zafi daga cikinsa ya zubar ta bayansa, injinsa kuma ya ɗora nasa zafin a kai. Kowace iyakwandishan haka take aiki. Akwai sinadari mai zagayawa cikin siraran bututun ƙarfe, ya sha zafin iskar ɗaki a gefe guda, kwamfireso ya matse shi, ya amayar da zafin a ɗaya gefen. Tambayar da ta kamata mai saye ya fara yi ita ce: ina wannan zafin zai tafi, kuma ta wace hanya?

A wadda ake kafewa a bango, amsar a fili take, domin rabin na'urar mai zafi da ƙara yana waje. Ta taga ma bayanta na leƙe a waje. Ita kuwa mai taya, wadda ake turawa daga ɗaki zuwa ɗaki, gaba ɗayanta a cikin ɗakin take: kwamfireso, da fankoki, da ɓangaren da ke ɗaukar zafi. Abin da ya haɗa ta da waje bututun roba ne mai faɗin kamar santimita 13 zuwa 15, tsawonsa bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba. A ganina wannan bututun shi ne rabin cinikin, amma shi ne abin da ake ɓoyewa a bayan labule idan za a ɗauki hoton talla.

Mafi yawan waɗanda ke kasuwa bututu ɗaya gare su. Irin wannan tana zuƙar iskar ɗakin, wato iskar da ka riga ka biya kuɗin wuta aka sanyaya, ta huce ɓangarenta mai zafi da ita, sannan ta tunkuɗa ta waje. Ɗaki kuwa ba ya zama babu iska. Duk abin da aka fitar sai wani ya shigo a madadinsa, ta ƙarƙashin ƙofa, ta gefen taga, ta kowace kafa da magini ya bari. Wannan mai shigowa iskar waje ce mai zafi, ko ta sauran ɗakunan da ba a sanyaya ba. Ana magani kai yana kaba. Kuma ranar da zafi ya fi tsanani, ranar da ka fi buƙatarta, ranar ce asarar ta fi yawa, tunda iskar da ke kutsowa ta fi zafi.

Mai bututu biyu ta rage wannan matsala. Ɗaya yana jawo iskar waje don huce injin, ɗayan ya mayar da ita inda ta fito, iskar ɗaki kuma ta tsaya tana zagayawa a ɗaki. Ta fi tsada, ta fi cin wuri a jikin taga, kuma ba ko'ina ake samunta ba. Duk da haka, in aka ba ni zaɓi tsakanin mai bututu ɗaya da aka rubuta wa babbar lamba da mai bututu biyu mai matsakaiciyar lamba, ta biyun zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba.

Maganar lamba kuwa tana da nata labarin. Ana auna ƙarfin sanyayawa da BTU a awa (BTU ma'aunin yawan zafi ne), ko da kilowat. Kilowat ɗaya ya yi daidai da BTU 3,412 a awa, abin da ake kira tan ɗaya kuma BTU 12,000 ne a awa, wato kusan kilowat 3.5. Shekara da shekaru masu ƙera na'urori masu taya suna manna lambar da aka samu a gwajin da bai damu da iskar da ke kutsowa ba, bai kuma damu da zafin da jikin bututun ke mayarwa ɗaki ba. A 2016 Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta fitar da sabon tsarin gwaji mai lissafa waɗannan asarorin, lambar da yake bayarwa ita ake kira SACC. Tun daga nan ake ganin kwali ɗauke da lambobi biyu, misali 14,000 da manyan baƙaƙe, sai wani abu kusa da 10,000 a ƙasa da ƙananan rubutu. Ƙaramar ita ce ta fi kusa da abin da jikinka zai ji. Inda ba a rubuta ta ba, mai saye ya zabge wani kaso mai kauri daga babbar a cikin ransa.

To nawa ɗaki ke buƙata? Jadawalin shirin Energy Star na Amurka ya ware BTU 6,000 ga ɗakin da ke tsakanin murabba'in ƙafa 150 zuwa 250, wato kamar ɗaki mai mita huɗu a mita biyar. Ya ce a ƙara kashi 10 cikin 100 idan rana na dukan ɗakin sosai, a ƙara 600 a kan kowane mutum in masu zama sun wuce biyu, a ƙara 4,000 idan kicin ne. Ba abin mamaki ba ne, domin mutum ɗaya da ke zaune shiru yana fitar da zafin da ya kai wat 100. An yi jadawalin ne da na'urorin taga a rai, saboda haka lambar SACC ce za a gwada da shi. Ɗakin da ke saman bene ƙarƙashin rufin da ya wuni yana shan rana, ko mai babbar taga ta yamma, zai nemi fiye da haka. Falo mai haɗe da baranda da matakala, wanda ba shi da ƙofar rufewa, ya fi ƙarfin na'ura mai taya, kowace iri ce. Ta ɗaki ɗaya ce, kuma ɗakin a rufe.

Akwai wata na'ura da ake yawan rikita mutane da ita. Tana da taya, tana da tankin ruwa, wani lokaci har da wurin zuba ƙanƙara, ba ta da bututu, ga ta da araha. Wannan fanka ce da ke hura iska ta cikin jiƙaƙƙen soso. Yadda gumi ke sanyaya fata yayin da yake bushewa, haka take aiki, kuma tana da amfani a inda iska take a bushe ƙarau, muddin taga na buɗe. A inda iska ta riga ta cika da laima, ɗanɗanon sauƙin da za ta bayar ba ya daɗewa, sai ɗaki ya koma kamar banɗakin da aka gama wanka da ruwan zafi. Iyakwandishan ta gaskiya tana tsotse laima ne daga iska. Asalinta ma ke nan: lokacin da Willis Carrier ya tsara na'urarsa a 1902 domin wani kamfanin ɗab'i a Brooklyn da ke New York, damuwar ita ce laima da ke sa takarda ta kumbura launuka su ƙi hawa daidai. Jin daɗin mutane daga baya ya zo. Duk na'urar da aka ce maka iyakwandishan ce amma babu inda take fitar da zafi, ka tuna da firjin nan.

Wani zai ce, in dai haka take da naƙasu, me ya sa za a saya? Saboda akwai mutane da yawa da ba su da wata mafita. Ɗan haya wanda mai gida ya hana shi huda bango, mai zama a tsohon ginin da doka ta hana a taɓa fuskarsa, ɗalibi ko ma'aikacin da zai tashi bayan wata shida, duk ba za su iya kafa ta bango ba. Haka nan ƙasashen da zafinsu na 'yan makonni ne amma ya fara zama mai kisa. A watan Agusta na 2003 zafi ya kashe mutane kusan 15,000 a Faransa, akasarinsu tsofaffi. Ranar 19 ga Yuli 2022 aka auna digiri 40.3 a Ingila, karo na farko da ƙasar ta haura 40, a wurin da aka gina gidaje don su riƙe ɗumi. Ga dattijuwar da ke hawa na biyar a irin wannan mako, ɗaki ɗaya da ya sauko da 'yan digiri ba ƙaramin abu ba ne. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Amma wanda gidan nasa ne, kuma zafin garinsu na watanni ne, ya daure ya kafa ta bango. Za ta fi shiru, ta fi sanyi, ta kuma fi sauƙin wuta.

Wutar ma a lissafa ta tun kafin a biya kuɗi. Matsakaiciyar na'ura mai taya tana jan wat 1,000 zuwa sama. In ta wat 1,200 ce kuma kwamfireso bai huta ba na awa takwas, an sha kilowat-awa 9.6. Fanka mai wat 60 a daidai wannan lokaci ba ta kai rabin kilowat-awa ba. Ninki ashirin ke nan. Dabarar da na fi yarda da ita ita ce a haɗa su: a saita na'urar a digiri 25 ko 26, a kunna fanka ta kaɗa iskar a jiki, a kuma sauke labule tun kafin rana ta faɗo ɗakin. Masu inbata, waɗanda kwamfiresonsu ke rage gudu maimakon ya mutu ya tashi, sun fi tattali kuma ba su cika firgita mai barci ba. A jona ta kai tsaye a soket ɗin bango, kada a bi da ita ta siririyar wayar ƙari.

A duba kuma sunan gas ɗin da ke ciki, wato sinadarin nan mai zagayawa. R410A na ɗumama duniya fiye da sau 2,000 idan aka gwada da iskar kabon, R32 sau 675, R290 kuwa kusan sau 3 kacal. Tarayyar Turai ta hana shigar da na'urori masu taya da ke ɗauke da gas ɗin HFC (dangin su R410A da R32) mai ƙarfin ɗumama duniya sau 150 zuwa sama tun daga Janairu 2020, shi ya sa R290 ya mamaye kasuwar can. Yana kama wuta, don haka gyaransa na ƙwararre ne, kuma littafin na'urar kan faɗi mafi ƙanƙantar ɗakin da ya halatta a ajiye ta.

Sauran abubuwan kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tana da ƙara, tunda kwamfireso na kusa da gadonka, don haka ka nemi a kunna maka ita ka ji da kunnenka. Tayar ma ta shimfiɗaɗɗen daɓe ce, nauyin kilo 25 zuwa 35 ba abin hawa bene da shi kullum ba ne. Ruwan da take tsotsewa yana taruwa, wasu na fitar da shi ta bututun, amma a lokacin laima tanki kan cika ta kashe kanta da tsakar dare. Ragar tace ƙura na son wanki kamar kowane mako biyu. In an kawo ta a kwance, a bar ta tsaye na wasu awanni kafin a kunna, man kwamfireso ya koma mazauninsa.

Sai taga. Allon robar da ke zuwa cikin kwali an yi shi ne don tagar da ake zugewa gefe ko sama. Idan taka mai buɗewa ce kamar ƙofa, sai an nemi yadin da ake liƙawa mai zif, ko a yanko katako daidai faɗinta a huda shi. Na sha ganin an rataye bututu a buɗaɗɗiyar taga ana mamakin rashin sanyi, alhali zafin da aka kora yana juyowa ta gefensa. A toshe kowace kafa, a ajiye na'urar dab da taga domin bututun ya zama gajere kuma miƙaƙƙe, a naɗe shi da abin da zai hana zafinsa fita, kada kuma a ƙara masa tsawo. Ka auna faɗi da tsayin tagar da tef, ka rubuta a takarda, ka tafi da ita wurin saye.